Usur Ɗin da Aka Busa da Wanda Aka Haɗiye

A garin Auburn na jihar Alabama a Amurka akwai wata mahaɗar hanya da ake kira Toomer's Corner. Al'adar garin ce duk ranar da jami'arsu ta ci babban wasa, ɗalibai da mutanen gari su yi dafifi a wurin su yi ta jifan itatuwan bakin hanya da naɗin takardar bayan gida har rassan su yi fari fat. Kowane gari da irin shagalinsa. Da maraicen Asabar, 6 ga Afrilun 2019, an soma wannan shagali. Ƙwallon da ɗan wasan Jami'ar Virginia, Kyle Guy, ya jefa ta daki bakin kwando ta fita, ƙahon tashi ya yi ƙara, allo yana nuna Auburn 62, Virginia 60. Mutane suka ɓarke da ihu, wasu suna rungumar waɗanda ba su taɓa gani ba. Hayaniya ta hana su jin cewa can a birnin Minneapolis, inda ake wasan ƙwallon kwando na kusa da na ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka, alƙali James Breeding ya busa usur. Cikin 'yan mintoci murna ta koma ciki. An ba Guy jifan kyauta uku, ya zura duka ukun, aka tashi Virginia 63, Auburn 62.

Har yau idan ka ambaci wannan dare a gaban mai goyon bayan Auburn, kalma ɗaya za ka ji: fashi aka yi mana. Ni kuwa ina ganin suna da gaskiya, amma ba a inda suka fara ɗora ta ba, kuma gaskiyar tasu ma tana da ƙura a jiki.

Wanda bai saba da gasar ba zai yi mamakin yadda wasan ɗalibai zai tayar da ƙura haka. A Amurka ƙwallon kwando na jami'o'i ba wasan 'yan makaranta ba ne kamar yadda muka sani. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, tana shirya gasar ƙarshen kaka duk watan Maris, ƙungiyoyi 68 a 2019, sili ɗaya ƙwale, har Amurkawa suna yi mata laƙabi da haukan watan Maris. Ba gida da waje, ba ramuwa. A gasar ƙwararru ta NBA ana iya yin wasa bakwai tsakanin ƙungiyoyi biyu kafin a fitar da gwani, don haka kuskuren alƙali na yau yana iya narkewa jibi. A nan kuwa minti 40 ne kacal, kuma ga ɗan wasan da ke shekararsa ta ƙarshe a jami'a, in an fitar da shi ya cire rigar ke nan har abada. Mutum sama da dubu 70 ne suka cika filin a wannan rana.

Auburn ba ta taɓa kaiwa zagayen ƙungiyoyi huɗun ƙarshe ba sai a wannan shekara. Makaranta ce da aka fi sani da ƙwallon zari-ruga irin na Amurka. A hanyarta ta kayar da Kansas, da North Carolina, da Kentucky, wato manyan gidajen da suka fi kowa tarihi a wasan, ɗaya bayan ɗaya. A karawar North Carolina ta rasa ɗaya daga cikin jiga-jiganta, Chuma Okeke, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, bayan jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ita ma Virginia da nata tabon. Shekara guda kafin nan ta zama ƙungiya ta farko a tarihin gasar maza da aka sa a matsayi na ɗaya amma ta matsayi na 16 ta fitar da ita, lokacin da ƙaramar jami'ar UMBC ta lallasa ta da 74 da 54. Shekara guda cur tana shan gori. Ta kai Minneapolis ne ma da ƙyar, bayan Mamadi Diakite, ɗan ƙasar Gini, ya zura ƙwallon da ta ceto ta a hannun Purdue daidai lokacin da ƙaho ke ƙara. Kowane ɓangare ya shiga filin yana jin cewa wannan shekarar tasa ce, an rubuta.

Saura minti biyar da ɗoriya Virginia tana gaba da maki goma, 57 da 47. Auburn ta ci maki 14 a jere ba tare da an rama ko ɗaya ba, ta koma 61 da 57. Guy ya zura ta maki uku daga kusurwa, tazara ta koma maki ɗaya. Aka yi wa Jared Harper na Auburn ƙeta, aka ba shi jifa biyu, ya ci na farko ya ɓarar da na biyu. Wannan jifa da ya ɓace ba kasafai ake tuna shi a gardama ba, ko da yake da ya shiga, jifa ukun Guy kunnen doki kawai za su kawo.

A nan sai an ɗan fahimci doka. A wasan maza na jami'o'i, kafin ƙungiya ta tara laifi bakwai a cikin rabin lokaci, ƙetar da aka yi wa wanda ba ya cikin jifa ba ta kawo jifan kyauta, ƙwallo kawai ake ba shi daga gefe. Auburn ba ta cika bakwai ba, saboda haka kocinta Bruce Pearl ya sa 'yan wasansa su riƙa yin ƙeta da gangan don su cinye lokaci. Dabara ce da kowa ke yi, ba haramun ba ce. Ty Jerome na Virginia ya taho da ƙwallo yana bubbuga ta a ƙasa, ya so ya kewaya da ita ta bayansa, ta bugi ƙafarsa ta kufce. Ya bi ta, ya kama da hannu biyu, ya sake bubbuga ta. A dokar ƙwallon kwando, da zarar ka kama ƙwallo da hannu biyu, bugunka ya ƙare: ko ka miƙa wa wani, ko ka jefa kwando. In ka sake bugawa laifi ne, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Yaro ɗan firamare da ke koyon wasan ya san wannan. Alƙalai uku ne a fili, ba wanda ya busa. Sai bayan nan aka busa ƙetar Bryce Brown a kan Jerome, saura daƙiƙa 1.5.

Aka miƙa wa Guy a kusurwar hagu, ya yi tsalle ya jefa. Samir Doughty na Auburn ya taso don ya tare, jikinsa ya haɗu da ƙugun Guy tun yana sama. Saura daƙiƙa 0.6. Guy ya ci jifa biyu, Pearl ya nemi hutu don zuciyar yaron ta yi rawa, ya dawo ya ci na uku.

Fushin farko gaba ɗaya a kan usur ɗin ƙarshe ya sauka. 'Yan kallo suka yi ta ihun tir, an ɗauki Brown a kyamara yana fita yana cewa hukumar ta nemo sababbin alƙalai, Twitter ta kama da wuta. Maganar da ake ta nanatawa ita ce: ba a busa irin wannan a irin wannan lokaci, a bar 'yan wasa su raba gardama da kansu. Amma duk wanda ya sake kallon hoton da sanyin rai zai ga ƙeta ce. Mai jifa da ke sama yana da haƙƙin wurin saukarsa, mai tsaro ba shi da izinin shiga ƙarƙashinsa ko tura shi da jiki. Shugaban sashen alƙalanci na hukumar a lokacin, J.D. Collins, ya fitar da bayani a daren yana kafa hujja da wannan doka. Shi kansa Pearl, wanda ya fi kowa jin zafin abin, cewa ya yi in ƙeta ce a busa ta, a farkon wasa ne ko tsakiya ko ƙarshe, kada a ƙara kada a rage.

Sai da Gene Steratore, tsohon alƙali da ke yi wa tashar CBS sharhin dokoki, ya dawo da hoton Jerome a talabijin sannan akasarin mutane suka san an yi wani abu a can baya. A lokacin da abin ya faru, masu sharhin wasan ba su gani ba, 'yan kallo ba su yi ihu ba, bencin Auburn bai tashi tsaye a kai ba. Nan take gardama ta sauya gida. Waɗanda minti goma da suka wuce suke cewa alƙali ya haɗiye usur a ƙarshen wasa, yanzu su ne ke tambayar me ya hana a busa. Tsakanin abubuwan biyu 'yan daƙiƙoƙi ne. Ba zai yiwu mutum ya riƙe duka biyun ba. In ƙa'idar ita ce doka doka ce har ƙaho ya yi ƙara, to an cuci Auburn a kan Jerome, kuma ƙetar Doughty tana nan daram. In kuwa ƙa'idar ita ce a sassauta a ƙarshe, to barin Jerome daidai ne. Abin da mai goyon baya yake so a zuciyarsa shi ne a tsananta a nan a sassauta a can, kuma ba wata ƙa'ida da ta raba nan da can sai launin riga.

Mutanen Virginia ma ba su yi shiru ba. Suka ce a ƙara mayar da hoton baya kaɗan: kafin Jerome ya kama ƙwallon, Brown ya riga ya cafki rigarsa. Haka ne kuwa, hoton ya nuna. Da an busa wannan, wasa ya tsaya, laifin Jerome bai ma samu damar faruwa ba. Shi ma Jerome da wannan ya kare kansa. Haka gardamar alƙalanci take a ko'ina, har a gidajen kallon ƙwallonmu ranar da aka ba Real Madrid fenareti a minti na 90: kowa yana da wurin da yake so a fara ƙirga tarihi, kuma daidai nan ne inda aka ɓata masa. Laifi tudu ne.

Ba ƙarya magoya baya suke yi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Da gaske abin da suka ce sun gani shi suka gani. A 1951 an yi wani wasan zari-ruga mai cike da doke-doke tsakanin jami'o'in Princeton da Dartmouth. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun biyu fim ɗin wasan, guda ɗaya, suka ce kowa ya ƙirga laifuffukan da ya gani. Ɗaliban Princeton suka ƙirga wa Dartmouth sama da ninki biyu na abin da ɗaliban Dartmouth suka ƙirga wa ƙungiyarsu. An buga sakamakon a 1954. Ido yana bin zuciya ne tun kafin hankali ya sa baki. A wasan jami'a abin ya fi tsanani, domin ƙungiyar ba kamfani ba ce da ka zaɓa daga nesa. Makarantar da ka yi ce, wadda mahaifinka ya yi, a garin da wataƙila ba shi da wata ƙungiyar ƙwararru. Cin ta cin gidanku ne.

Duk da haka ba zan bi sahun masu cewa duk ƙorafin magoya baya son zuciya ne ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wani bincike da Kyle Anderson da David Pierce suka buga a 2009 kan wasannin kwando na jami'o'i ya gano cewa alƙalai sun fi karkata ga busa laifi a kan baƙi, da ƙungiyar da ke kan gaba, da kuma wadda laifuffukanta suka fi kaɗan a allo, kamar masu ƙoƙarin daidaita sikeli. Ba cin hanci ba ne, halin ɗan Adam ne da ke tsaye a tsakiyar dubban mutane masu ihu. Amma mai kallo da ya ce yana jin ana rama wa wani ɓangare, ba mafarki yake yi ba. Ita kanta hukumar NCAA ta amsa cewa alƙalancin wasan ƙarshe na mata na 2023, wanda jami'ar LSU ta doke jami'ar Iowa da 102 da 85 aka kuma busa laifi 37, bai kai matsayin da ake so ba. Ga kuma tabon Tim Donaghy, alƙalin NBA da aka kama a 2007 da hannu a caca kan wasannin da yake hurawa, har ya yi zaman gidan yari. Mutum ɗaya ne, a wata gasa daban, amma tun daga lokacin duk mai zargin an sayar da wasa yana da sunan da zai kira.

Sai tsarin aikin kansa. Alƙalan NBA ma'aikata ne na dindindin. Na jami'o'i 'yan kwangila ne, ana biyan su wasa-wasa, rukunonin jami'o'i daban-daban ne ke ba su aiki, kowane da mai rabon aikinsa da irin abin da yake so a tsananta. Wanda ake nema sosai yakan hura yau a wannan jiha, ya kama jirgin asuba ya hura gobe a wata, haka har kaka ta ƙare. Da yawansu suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Gasa ce da haƙƙin nuna ta a talabijin ke kawo kusan dala biliyan ɗaya a shekara, amma hukuncinta yana hannun mutanen da ba ma'aikatanta ba.

Abin da ya fi ƙona rai, a ganina, shi ne shirun. Ɗan wasa mai shekara 20 da ya yi kuskure, minti kaɗan bayan tashi za a zaunar da shi gaban 'yan jarida, ido jajur, ya yi bayani. Doughty ya zauna ya amsa tambayoyi a daren. Alƙali kuwa ta ƙofar baya yake fita. Tun 2015 NBA take fitar da rahoto kan minti biyun ƙarshe na wasannin da suka yi kankankan, ta ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure. Rahoton ba ya mayar da wasa, amma yana nuna wa mutum cewa ba shi kaɗai ya gani ba. Bayanin Collins ya kare usur ɗin da aka busa daidai, bai ce uffan ba kan wanda aka haɗiye. Mai goyon bayan Auburn da ya karanta shi, me ake so ya ɗauka? Hukumar da ke magana kawai a inda take da gaskiya ita ke koya wa mutane cewa shirunta amsa laifi ne, ko ma rufa-rufa.

In fushi bai samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, yakan nemi mutum. A ranar 26 ga Maris 2017, a birnin Memphis, North Carolina ta fitar da Kentucky da 75 da 73 bayan Luke Maye ya zura ƙwallo ana daf da tashi. Manyan 'yan wasan Kentucky uku, De'Aaron Fox da Malik Monk da Bam Adebayo, kowanne ya ɗauki laifi biyu tun kafin hutun rabin lokaci, a wasan da laifi biyar ke fitar da mutum. Kocin Kentucky John Calipari ya yi ƙorafi a gaban 'yan jarida cewa saura kaɗan a kore masa ƙungiya baki ɗaya da laifuffuka. Magoya baya suka tsinci sunan ɗaya daga cikin alƙalan, John Higgins, suka gano yana da kamfanin rufin gidaje a yankin Omaha na jihar Nebraska. Mutanen da ba su taɓa taka jihar ba suka cika shafukan kamfanin a Facebook da Google da ƙorafin ƙarya cewa ya ɓata musu rufi. A ƙarar da ya shigar daga baya ya ce an yi wa ofishin kira sama da 3,000 cikin kwana biyu, wasu da barazanar kisa, har 'yan sanda suka shiga bincike. Ya kai ƙarar wani shahararren shirin rediyon wasanni na Kentucky da masu gabatar da shi, yana cewa su suka rura wutar. Kotu ta kori ƙarar a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020, bisa hujjar cewa sukar alƙalancin wasan da ya ɗauki hankalin jama'a yana cikin 'yancin faɗin albarkacin baki. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin bai samu ko diyya ba. Mu ma mun san wannan, sai dai a filayen ƙwallon ƙafarmu ba a tsayawa kiran waya, a nan take ake tare alƙali.

'Yan wasa ma ba su tsira ba. A 2024, a wasan kusa da na ƙarshe na mata, an busa wa Aaliyah Edwards ta jami'ar UConn laifin tare hanya saura daƙiƙa 3.9, Iowa ta ci 71 da 69. Aka sake rera waƙar nan ta ba a busa irin wannan a irin wannan lokaci. Gabbie Marshall ta Iowa, wadda aka yi wa laifin, ta ce sai da ta goge shafukan sada zumunta daga wayarta saboda zagi. Ita ba ta busa komai ba. Wani ɓangare na wannan dafi kuma ba daga masu kishin makaranta yake fitowa ba. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni a watan Mayun 2018, wanda ke zagi a waya yana iya zama mutumin da bai san inda jami'ar take ba, kuɗinsa ne suka tafi da usur ɗaya.

Ana yawan cewa maganin abin shi ne bidiyo. Kwana biyu bayan wasan Auburn an gwada wannan magani a gaban kowa. A wasan ƙarshe tsakanin Virginia da Texas Tech, cikin ƙarin lokaci, De'Andre Hunter na Virginia ya doke ƙwallo daga hannun Davide Moretti na Texas Tech ta fita waje. Alƙalai suka ba Texas Tech, kamar yadda kowane alƙali zai yi tun da aka ƙirƙiri wasan: wanda ya doke shi ya fitar. Aka je allo, aka yi ta maimaitawa a hankali, aka ga ƙwallon ta shafi ɗan ƙaramin yatsan Moretti a hanyarta ta fita. Aka juya hukunci. Virginia ta ci 85 da 77, ta ɗauki kofinta na farko. Bisa harafin doka an yi daidai, amma mutanen Texas Tech sun tafi gida da ɗacin da bai gaza na Auburn ba, suna cewa in har za a duba yatsa me ya hana a duba taɓawar da aka yi wa Moretti ta baya kafin nan. Doka ba ta ba alƙalan damar duba wannan ba.

A 2025 hukumar ta amince koci ya ƙalubalanci hukunci a wasan maza, ya sa a je a duba allo, a kan abubuwa ƙididdigaggu: wa ya fitar da ƙwallo waje, taɓa ƙwallo a bakin kwando, da tsayuwar mai tsaro a ƙarƙashin kwando. Sake bubbuga ƙwallo bayan an kama ta da hannu biyu ba ya cikin jerin. Da za a maimaita wancan dare a Minneapolis a ƙarƙashin wannan doka ta 2025, ko da Pearl ya ga abin da Jerome ya yi ƙuru-ƙuru, ba shi da hurumin cewa a duba.